Ina jinin yatsu ke tafiya da sanyin asuba?

Sale Kilando, Marwa:
Salamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni, don Allah kada a yi mini dariya. Tun da hunturun nan ya kankama, in na fita da asuba da babur kai mutane tasha, kafin in yi sawu uku yatsuna sun mutu. In na matsa birki sai in ji kamar da hannun wani nake matsawa. Jiya na tsaya ƙarƙashin fitila na duba, yatsu biyu na dama, manuniya da na tsakiya, sun yi fari fat ta ciki kamar an tsoma su a toka, farcen kuma ya yi shuɗi-shuɗi. Da na je wurin mai shayi na kara su a murhu, wayyo Allah, sai suka ɗau zugi kamar an zuba musu barkono, suka yi jajir. Sai da na yi kusan minti goma ina yarfe hannu. Ina jinin yake tafiya? Me ya sa kuma dawowarsa ta fi tafiyarsa azaba?

Goggo Dije, Garwa:
Wa alaikumus salam. Sanyi ne ya shige ka, ɗana. Ka samu citta da kanumfari da masoro a dafa maka, ka riƙa sha kafin ka fita. Ka shafe hannun da man zafi.

Usta Garba Makanike, Njamena:
Goggo, ku dai yi masa aure. Duk sauran magungunan ɓata kuɗi ne.

Sale Kilando:
Usta, kai da ke da mata biyu ai na ga da hular sanyi kake kwana.

Malam Buba, Ngawundare:
To, tunda an taɓo abin da nake koyarwa a lise, wato makarantar sakandare, bari in sa baki. Mu nan kan tudu mun fi ku sanin wannan, safiyar Janairu a Ngawundare ba wasa ba ce.

Sale, jininka bai je ko'ina ba, hana shi shiga aka yi. Amma kafin in yi bayani sai mun raba wata kalma, don Hausa ta haɗa mana abu biyu a suna ɗaya. Jijiya muke ce wa bututun da jini ke bi, jijiya kuma muke ce wa zaren da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa. Zan ce hanyar jini ga ta farko, jijiyar saƙo ga ta biyu.

Fatar sama, wadda ke ɓarewa in ka yi kanta, babu jini a cikinta ko ɗigo. A ƙarƙashinta ne hanyoyin suke. Babbar hanya ta rabu ta zama ƙanana, ƙananan su sake rabuwa har su kai sirantar da ƙwayoyin jini sai dai su bi layi ɗaya bayan ɗaya. Waɗannan na ƙarshen ba su da ƙarfin kansu. Masu iko su ne na gabaninsu, don kowace an naɗe ta da siririyar tsoka kamar zobe. Zoben ya matse, jini ya ragu, ya saki, jini ya kwararo. Mai ba zoben umarni kuwa wani ɗan wuri ne a gindin ƙwaƙwalwa, haifotalamas, shi ke gadin zafin jiki kada ya yi nisa da digiri 37. Da iska mai sanyi ta bugi fatarka sai ya aika ta jijiyar saƙo, bakin jijiyar ya fesa wani sinadari, noradirenalin, zoben ya tsuke. Lissafinsa shi ne gara yatsa ya sha sanyi da a ce jini ya je can ya huce ya dawo wa zuciya da hanta a sanyaye.

Alhaji Mai Albasa, Marwa:
Malam, in na fahimce ka, ban ruwa ne. Ruwa na bin babbar hanya, ni kuma ina tsaye da fartanya, in toshe bakin wannan fangali da laka in buɗe wancan. Ran da rijiya ta ja baya, na can ƙarshen lambu nake fara hanawa.

Malam Buba:
Alhaji, ka gama darasin, gobe kai za ka shiga mini aji. Abu ɗaya kawai zan ƙara. A lambu in ka rage bakin da rabi, kusan rabin ruwa ka rage. A siririn bututu ba haka ba ne. Wani likitan Faransa, Poiseuille, ya auna wannan wajen 1840: in faɗin bututu ya ragu da rabi, abin da ke wucewa ya koma kashi ɗaya cikin 16. Shi ya sa 'yar matsa kaɗan ta isa ta mayar da yatsa fari.

Usta Garba Makanike:
Ta yaya aka san jijiyar saƙo ce ke matsewa, ba sanyin ne ke daskarar da jinin kamar man gyaɗa a kwalba ba?

Malam Buba:
An gwada. A farkon shekarun 1850 Claude Bernard ya yanke wannan jijiyar a wuyan zomo, gefe ɗaya. Kunnen wannan gefen ya yi ja ya ɗau zafi, ɗayan yana nan yadda yake. Ka ga kenan kullum jijiyar tana riƙe da linzami, ko ba sanyi. Jini kuma ba ya daskarewa a irin sanyinmu, ɗan kauri dai yake ƙarawa.

Nas Hawwa, Kuseri:
Sannunku da hira. Yanzu na sauko daga aikin dare na tarar da wannan.

Malam ya yi bayanin abin da ke faruwa da kowa. Amma ƙanena Sale, naka ya ɗan wuce na kowa. Hannu ya yi sanyi daban, yatsu biyu su ware kansu su yi fari, su yi shuɗi, su dawo ja, wannan daban. Yana da suna, alamar Raynaud, daga likitan Faransa Maurice Raynaud da ya bayyana ta a 1862. Zoben ne ke wuce gona da iri, maimakon ya rage sai ya rufe ruf. Farin, babu jini. Shuɗin, ɗan jinin da ya maƙale ne ya ƙarar da iskarsa. Jan da zugin kuwa, duk lokacin da hanya ke rufe naman wurin na ta tara dattin aikinsa, dattin nan kuma shi kansa yana sa zobe ya saki. To da ɗumi ya zo sai ƙofofin su buɗe gaba ɗaya, jini ya afko fiye da ƙima, jijiyoyin ji da suka yi barci su farka a firgice.

An fi ganinta ga mata, amma maza masu riƙe abin da ke karkarwa tsawon yini su ma tana kama su, kan babur kuwa ka san yadda yake a hanyoyinmu. Tambaya biyu: kana shan taba? Akwai gyambo a bakin yatsa ko ciwon gaɓoɓi?

Sale Kilando:
Babu gyambo, Yaya Hawwa. Tabar kuma... kara biyu uku ne, don sanyin ma nake sha.

Nas Hawwa:
To ka ga inda gizo ke saƙar. Nikotin matse waɗannan hanyoyin yake yi, kai kana zaton ɗumi kake saye. Kuma ka daina kara hannu a murhu yana mace, za ka ƙone ba ka ji ba. Ka cusa su a hammata ko ruwa mai ɗumi-ɗumi. Safar hannu mai kauri, rigar sanyi ta kirki, don in ƙirji ya ji sanyi ko hannu na cikin safa ƙwaƙwalwa za ta ba da umarnin a rufe. In ka ga gyambo ko ya fara yi maka ba a lokacin sanyi ba, ka je asibiti, don wani lokacin yana zuwa da wata cuta a bayansa.

Goggo Dije:
Duk wannan dogon Turanci, ƙarshenta dai ɗumi aka ce ya nema. Me na faɗa tun farko?

Nas Hawwa:
Gaskiyarki Goggo, shayin citta mai zafi ba zai cuce shi ba. Inda muka rabu kawai, sanyin ba shiga ya yi ya zauna a jiki ba, jikin ne ya kulle ƙofa da kansa.

Usta Garba Makanike:
Ni ku bar maganar sanyi, kwana nawa ne. Ku zo Njamena a Afrilu, ma'auni ya haura 40, kwalta na narkewa. A garejinmu akwai yaron da bara yana tsaye riƙe da fitila ina ƙarƙashin mota, sai ji na yi fitila ta faɗo mini a ƙirji. Na fito na tarar da shi a ƙasa, jiki sharkaf. Muka ja shi inuwa, kafin a kawo ruwa ya buɗe ido yana tambayar me ya faru. Mutane suka ce iska ce. Ni dai na ce injin ne ya yi zafi.

Malam Buba:
Usta, kai ma ka kusa. Fata ita ce lagireton mutum, jini shi ne ruwan da ke zagayawa, gumi kuma shi ne fanka. A nan abin ya fi ban mamaki. Mutum na zaune ba zafi ba sanyi, jinin da ke ratsa fatarsa duka bai fi rubu'in lita a minti ba. In zafi ya kai maƙura yana iya kaiwa lita 7 zuwa 8 a minti.

Usta Garba Makanike:
Tsaya Malam. Ba ku ne kuka ce jinin mutum gaba ɗaya wajen lita 5 ba ne? Ina aka samo 8? Ko lagireto ba ya ɗaukar abin da ya fi tankinsa.

Malam Buba:
Madalla da wannan tambaya, ɗalibaina ba su taɓa yi mini ita ba. Ba lita 8 ne ke zaune a fatar ba, wucewa suke yi, jinin guda ne ke ta zagayowa. Famfon ne ya ƙara gudu. Zuciyar da ke tura kamar lita 5 a minti tana hutawa sai ta ninka, ko ma fiye. Sannan a rage wa hanji da ƙoda rabonsu a ba fata. Abin da ya sa da tsananin zafi abinci ba ya shiga, fitsari kuma ya ƙanƙance ya yi ja, ban da ruwan da gumi ya kwashe.

Kuma buɗewar ba sakin linzami kawai ba ce. A fatar da ke da gashi, hannu da baya da ƙirji, akwai rukuni na biyu na jijiyoyin saƙo da aikinsu shi ne su buɗe da ƙarfi, suna tashi kusan tare da gumi, kuma mafi yawan buɗewar daga gare su take. Shimfiɗar cikin hanyar jinin ma tana taimakawa, tana fitar da wata iska, naitirik oksaid, mai sa tsokar ta saki. Mutum uku ne suka ci kyautar Nobel a 1998 kan gano aikinta. Tafin hannu da tafin ƙafa da leɓe kuwa tsarinsu daban ne. Suna da gajerun hanyoyi masu haɗa jini mai zuwa da mai komawa kai tsaye, kamar ɓarauniyar hanya, kuma linzamin matsewa kaɗai ke riƙe da su. Shi ya sa tafin hannu ke saurin yin zafi, ke saurin yin ƙanƙara, har tsoro ma yana sanyaya shi.

Nas Hawwa:
Yaronka kuwa Usta, ga yadda aka yi. Fata ta buɗe ta kwashi jini, yana tsaye wuri ɗaya wani jinin ya taru a ƙafafu, gumi ya rage ruwan, abin da ke komawa zuciya ya yi kaɗan, ƙwaƙwalwa ta ga rabonta bai iso ba. Faɗuwar ma ita ta cece shi, don da ya kwanta jini ya koma kai. Kuskuren da nake gani kullum shi ne a ɗago mutum a zaunar da shi ana masa fifita. A bar shi kwance a inuwa, a ɗaga ƙafafun, ya farfaɗo sosai sannan a ba shi ruwa. Amma in jiki ya yi zafi rau kuma yana sambatu ko bai farka ba, wannan ba suma ba ce, a jiƙa shi da ruwa a nufi asibiti. Azumin 2024 da ya faɗo a tsakiyar zafi mun ga irinsu, tsofaffi musamman, don fatar tsoho ba ta buɗewa kamar ta yaro, guminsa ma ya ragu.

Goggo Dije:
To 'yata, tunda zafi buɗe hanyar jini yake yi, ashe iyayenmu ba su yi wauta ba da wankan jego. Yanzu ku ne ke hana yara. Ni haihuwa tara, kowace sai da na yi arba'in ina wanka da tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya safe da yamma, in sha kunun kanwa, ga ni garau. Jikata ta haihu bana, wai an ce mata a asibiti ruwan ɗumi kawai. Jego ba wuta ai ɗanyen jiki ne.

Nas Hawwa:
Goggo, Allah ya ƙara lafiya, ba raina abin da kuka yi nake ba. Amma ki bi lissafin da Malam ya yi. Ruwan zafi ya buɗe fata, zuciya dole ta ninka aiki don ta cika hanyoyin. Wannan zuciyar kuma wata tara ta yi tana aikin mutum biyu, ba ta huta ba. Sai a kawo kanwa, wadda gishiri ce, ta riƙe ruwa a jiki, kaya ya ƙaru. Safe da yamma, kwana arba'in, wasu har da kwanciya kan gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi. Likitoci a Zariya sun bi wannan a shekarun 1970, ganin yadda masu jego ke zuwa da kumburi da haki, zuciya ta gaza. Suka danganta shi da zafin da kanwar.

Ba kowace mace ba ce, ke shaida ce. Kuma ciwon zuciyar bayan haihuwa yana kama matan da ba su taɓa jin sunan wankan jego ba. Amma ni na riƙe hannun wata, haihuwar fari, ƙafafu kamar turmi, in ka danna yatsa ramin ya zauna, ba ta iya kwanciya sai a jingine da filo uku. Uwar mijinta na gefe tana cewa sanyi ne, wankan ne bai ratsa ta ba, a koma gida a ƙara wuta. Ranar sai da na fita waje na share hawaye.

Goggo Dije:
Allah sarki. Ta tashi?

Nas Hawwa:
Ta tashi, da magani da hana gishiri. Ta daɗe dai.

Goggo Dije:
Alhamdu lillahi. Amma ni ban yarda a bar wankan ba. A rage zafin, na ji. Kanwar ma a rage. Mai jego ba wanka, ƙarni kaɗai ya ishe ta.

Nas Hawwa:
A kan wannan babu faɗa tsakaninmu, Goggo. Ta yi wanka sau nawa take so, da ruwan da gwiwar hannunki za ta iya zama a ciki.

Sarkin Aska, Garwa:
Ina ta saurare. Tunda ana maganar jinin fata, ni ne mai ganinsa da ido kullum. In na kafa ƙaho na tsaga, jinin da ke fita baƙi ne, guda-guda. Mu mataccen jini muka gada ana ce masa. Malaman boko me za ku ce?

Malam Buba:
Sarkin Aska, ranka ya daɗe, ƙaho yana da asalinsa a sunna, ba shi nake taɓawa ba. Sunan jinin kawai. Jinin da ya sauke iskarsa a nama duhu yake yi, duk wanda aka ɗiba a asibiti daga hannu haka yake. Gudajin kuma daskarewa ce, kowane jini ya fito ya zauna minti kaɗan sai ya yi. Zuƙar ƙahon na jan fata, ƙananan hanyoyin su cika har wasu su fashe, shi ne shacin da ke zama kwanaki.

Sarkin Aska:
Hmm. Na kaza in an yanka ai ja ne wur.

Malam Buba:
Don wuƙa ta sami babbar hanya mai fitowa daga zuciya, jinin bai sauke iskarsa ba tukuna. Askarka ba ta kai can, kuma kada Allah ya sa ta kai.

Nas Hawwa:
Roƙona ɗaya, Baba: mai ciwon suga kada a tsaga masa ƙafa. Sugan na lalata jijiyoyin saƙon da shimfiɗar hanyoyin, ƙofa ba ta buɗewa yadda ya kamata in an ji rauni, shi kuma ba ya jin zafi. Ƙaramin tsagu sai ya zama gyambon shekara. Aska kuma sabuwa ga kowane mutum.

Sarkin Aska:
Reza sabuwa nake ɓarewa a gaban mai ita, tun ba yau ba. Maganar suga kuwa na karɓa, zan riƙa tambaya.

Maman Ilham, Njamena:
Yaya Hawwa, ni ma tawa. In zazzaɓi ya kama 'yata, goshi kamar wuta amma hannu da ƙafa ƙanƙara, tana rawar ɗari tana neman bargo. In lulluɓe ta ko in buɗe?

Nas Hawwa:
Zazzaɓi ɗaga ma'aunin ƙwaƙwalwar yake yi, a ce daga 37 zuwa 39. Sai jiki ya ga kamar sanyi yake ji, ya rufe fata, ya kama karkarwa don ya kai sabon ma'aunin. In ya sauka sai fata ta buɗe, gumi ya karyo. Mayafi mara nauyi ya isa lokacin ɗarin, kada ki jibga mata barguna, ki yi ta ba ta ruwa, a gwada jini a ga ko na sauro ne. Ga abin da muke yi, ke ma za ki iya: ki danna farcenta ko tafin hannu har ya yi fari, ki saki. Cikin daƙiƙa 2 ya kamata launin ya dawo. In ya wuce 3, hannu da sanyi, yarinya ta yi laushi, kada ki jira gari ya waye. Littattafan da muka karanta fatar Bature suka kwatanta, wai ta yi ja, ta yi fari. Mu sai dai tafin hannu da farce da cikin fatar ido.

Maman Ilham:
Na gwada a nawa yanzu, kafin in ƙirga biyu ya dawo. Na gode.

Sale Kilando:
'Yan zaure, na dawo da rahoto bayan kwana huɗu. Na sayi safar hannu a gwanjo, irin ta masu walda ce ma, na naɗe kan babur da tsohuwar roba, na sa jarida a ƙirji ƙarƙashin riga kamar yadda wani dattijo a tasha ya nuna mini. Shayin Goggo ma ina sha. Shekaranjiya da jiya lafiya lau. Yau na tsakiyan ya ɗan yi fari a baki, na cusa shi a hammata, fasinja na ta kallona.

Nas Hawwa:
Tabar fa?

Sale Kilando:
Saura kara ɗaya a rana, Yaya.

Usta Garba Makanike:
Goggo, maganar auren nan dai tana nan.

Goggo Dije:
Ya fara yar da karan nan tukuna. Ba zan kai wa 'yar mutane mai warin taba ba.